Sunaye Shida da Istigfari

Ɗakin Tasallah shi ne na ƙurya a gidansu na unguwar Jurf. Taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Shekarun tsohuwar tamanin da shida. A Madina aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk gidan babu mai Hausarta, don a bakin mahaifinta ta ɗauka, Malam Lurwanu, wanda ya taso da ƙafa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya shafe shekaru a hanya kafin ya iso. Tun da ta zame a banɗaki ƙugunta ya tsage, ba ta ƙara sauka daga gado ba sai an ɗaga ta.

Jikarta Suhaila ce ke zama da ita da rana. A wani kantin magani take aiki, kuma sai bayan la'asar take shiga, saboda haka safiya tata ce. Mahaifiyar Suhaila, Asama'u 'yar Tasallah, tana fita tun da sassafe zuwa rumfarta ta Uhudu, inda take sayar wa masu ziyara dabino da carbi da lalle. Yayan Suhaila kuma, Haisam, yana karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Daga hantsi zuwa la'asar, gidan daga tsohuwa sai jika, sai gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana fama da zafi.

Wata Talata ce abin ya fara, rana ta take tsaka, ana jiran kiran azahar. Suhaila ta shigo da ruwa da ƙwayar magani, ta jawo kujera za ta zauna, sai tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Janye kujerar nan, kin tare wa bawan Allah hanya."

"Wane bawan Allah, Sitti?"

"Ga shi nan a bakin ƙofa. Gari har gwiwar hannu, daga gani daga wurin niƙa ya fito." Ta gyara mayafinta ta rufe furfurarta, kamar yadda take yi in namiji ya yi sallama. "Sannu da zuwa, Mila. Ashe kai ne."

Suhaila ta waiwaya. Babu kowa sai labule. Ta yi 'yar dariya, don ta san kalmar. Waƙar reno ce ta gidansu, da ita aka lallashi Asama'u, da ita aka lallashe su ita da Haisam: Mila, Shimit, Beba, Shefa, Fisha, Tsimaman, astagfirullah. A maimaita, a maimaita, har yaro ya yi barci. Ba wanda ya taɓa tambayar ma'anarta. Ta ba tsohuwar maganinta, ta ɗauka rikicin tsufa ne ya haɗa mafarki da waƙa. Da ladan ya ɗaga murya, Tasallah ta bi bakin ƙofa da ido, ta ce ya fita.

Washegari su biyu ne. Na biyun, in ji ta, ƙato ne mai baƙin hannu, ya ɗaura fata a gabansa duk ƙuna. Shi ta kira Shimit. Ranar Alhamis Beba ya zo da zare naɗe a yatsu. Kafin mako ya zagayo sun cika shida: Shefa da sanda da warin tumaki, Fisha da jiƙaƙƙen wando, Tsimaman da gatari a kafaɗa da ɓarɓashin katako a gemu. Ba sa magana. Suna shigowa in inuwa ta ƙare a tsakar gida, su jera a jikin bango, su fita da kiran salla.

A rana ta biyar ce Suhaila ta daina dariya. Tana canza zanen gado, ƙofa a rufe, taga a rufe, sai wari ya cika mata hanci, warin gawayi da ƙarfe mai zafi. Ta ruga kicin, ba abin da ke kan wuta. Ta duba wayar mukayyif, ta shinshina soket. Tana dawowa warin ya canza, ya koma na jiƙaƙƙen gashin dabba, irin wanda ba ta taɓa ji ba sai a kasuwar tumaki ranar da aka yi ruwa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin da matashi a hannu, ta kasa juya wa bangon baya.

"Kada ki ji tsoro," in ji Tasallah. "Masu ladabi ne. Hulunansu ma a hannu suke riƙe da su."

Da dare ya yi kowa ya dawo, Suhaila ta faɗa wa mahaifiyarta a kan abinci. Asama'u mace ce da ba ta da lokacin almara. Ta ce likita ya riga ya gaya musu ƙwaƙwalwar tsohuwa za ta riƙa haka, wari kuma daga gidan maƙwabta ne, masu gashin nama ba dare ba rana. Duk da haka ta kira wani malami ya yi ruƙiyya. Ya zo da hantsi, ya karanta har aka kira azahar, ya tofa a ruwa, ya tafi. Tasallah ta sha ruwan, ta yi masa addu'a, sannan ta ce wa jikarta baƙin sun tsaya shiru har ya gama, kuma sun ji daɗin karatun.

"Me suke so, Sitti?"

"Abinsu suke so. Yana wurina, amma ban san wa zan miƙa wa ba." Ta dubi bangon. "Da muna cikin gari ba sa iya zuwa, ba sa wuce allon iyakar Harami, don ba Musulmi ba ne. Tun da aka rushe unguwarmu muka dawo nan suke neman gidan. Sai yanzu suka gane shi."

Suhaila ta ɗauki muryarta a waya tana rera waƙar, ta tura wa Haisam, ba don komai ba sai don ta gaji da ɗaukar abin ita kaɗai. Haisam yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, kuma amsarsa ranar gajeriya ce: Allah ya ba Sitti lafiya. Bayan kwana biyu ya kira ta tana wurin aiki, muryarsa a sama. Ya ce yana kunna wa abokin aikinsa saƙon a teburin karɓar baƙi, sai wata dattijuwa da ta zo karɓar katin ɗakinta ta tsaya cak. Bajamushiya ce da ta musulunta shekara talatin da suka wuce, ta zo umara da ƙungiyarsu. Ta roƙe shi ya sake kunnawa, sannan ta tambaye shi inda tsohuwar ta sami sunayen mutanen ƙasarsu.

"Sunaye?" in ji Suhaila.

"Wallahi haka ta ce. Tana so ta zo ta gaishe da Sitti."

Ranar Lahadi Haisam ya kawo ta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya koma bakin aiki. Sunanta Radiyya. Doguwa ce siririya, da tabarau rataye a wuya, tana Larabcin littafi a hankali, kalma bayan kalma. Asama'u ta bar rumfa a hannun maƙwabciya ta zauna a gida, ta kawo shayi da dabino ajwa. Suhaila ta riga ta ƙudurta a ranta ba za ta faɗa wa baƙuwar ko kalma ɗaya ba game da gari da zare da gatari. So take ta ji daga bakinta tukuna.

Radiyya ta ce shekara ashirin da takwas ta yi a ofishin da ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a garinsu, sunaye ne aikinta tun safe har yamma, kuma da ta yi ritaya ba ta iya rabuwa da su ba. Ta ce a ƙasarsu da can mutum suna ɗaya gare shi. Da garuruwa suka cika, masu suna ɗaya suka yi yawa a layi guda, sai aka fara liƙa wa kowa laƙabi. Wani da sunan ubansa, wani da kamanninsa, a ce gajere ko baƙi ko dogo, wani da inda gidansa yake. Nata sunan gidan, Lindner, na wanda ke zaune kusa da wata bishiya ne da suke kira linde. Amma mafi yawa sana'a ce. Daga baya laƙabin ya daskare, ya bi 'ya'ya da jikoki, shekara ɗari shida ko fiye ke nan.

"Kamar mu," in ji Asama'u. "A takarda duk Hausawi ne mu, ko wanda bai iya cewa sannu ba."

Radiyya ta yi murmushi, ta fito da ɗan littafi, ta sa tabarau, ta dubi Suhaila. "Na farko da kakarki ke cewa Mila, Müller ne. Mai niƙa hatsi. Shimit, Schmidt ne, maƙeri. Beba shi ne Weber, masaƙi."

Suhaila ta ajiye kofin shayinta a hankali don kada ya zube.

"Shefa, Schäfer, makiyayin tumaki. Fisha, Fischer, masunci. Na ƙarshen ma ta fi wasu Jamusawa iya faɗinsa: Zimmermann, mai sassaƙar katakon rufin gida." Ta ɗago kai. "Lafiya? Na faɗi abin da bai dace ba?"

Asama'u ce ta ba ta amsa, kuma Suhaila ba ta taɓa jin muryar mahaifiyarta ta yi ƙasa haka ba. Ta zayyana mata abin da tsohuwar ke gani kullum, ɗaya bayan ɗaya. Radiyya ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin Jamusanci a gidan. Aka ce babu. Ko Malam Lurwanu ya taɓa fassara waƙar? Asama'u ta ce ita dai har ya rasu tana 'yar shekara tara ba ta ji ba. Radiyya ta rufe littafin, ta dubi agogo, ta ce in babu damuwa tana so ta shiga.

Tasallah tana zaune an jingina ta da matasai. Ta ƙare wa baƙuwar kallo, ta riƙe hannunta ta juya shi, sannan ta ce da Hausa, "Kin daɗe a hanya, 'yar nan." Suhaila ta zauna a gefen gado tana juya magana, Hausa zuwa Larabci, Larabci zuwa Hausa. Ba wanda ya roƙi tsohuwar ta ba da labari. Da kanta ta fara, tiryan-tiryan, kamar wadda ta daɗe da shirya shi.

Ta ce Baba yana saurayi ɗan dako ne a Garwa, zamanin da Jamus ke riƙe da ƙasar. Da yaƙi ya zo aka ci garin, wasu sojoji bakwai suka sulale suka nufi kudu cikin damina, da 'yan dako goma sha wani abu, har da shi. Zazzaɓi ya shige su, irin wanda ke baƙanta fitsari. Kowane kwana biyu ko uku sai an haƙa rami. 'Yan dako suka riƙa gudu ɗaya-ɗaya. Akwai guda cikin sojojin, mai ba da magani, shi ne ke rubuta sunan duk wanda aka binne da inda aka binne shi. A wani rafi littafin ya jiƙe, ya zama kunu. A lokacin saura shi kaɗai da Baba, shi ma kuma ciwon ya kama shi. Sai ya zaunar da Baba a gindin wata ɗorawa, ya riƙa faɗa masa sunayen yana maimaitawa, har suka zauna masa. Ya ce duk inda ya ga Bajamushe ya faɗa masa, don iyayensu su daina jira. Shida na matattu, na bakwai nasa.

"Sai ya mutu?" in ji Radiyya.

Tasallah ta girgiza kai. "Da ransa Baba ya bar shi. Ya ji harbi daga arewa, tsoro ya kama shi. Ya ajiye masa gorar ruwa kusa da hannu, ya shiga ciyawa. Yana ji mutumin na kiransa, Lurwanu, Lurwanu, bai juyo ba. Sau ɗaya ya gaya mini, shekarar da zai rasu. Ya bi Cadi, ya bi Sudan, ya yi noman auduga, ya haye teku, bai taɓa haɗuwa da Bajamushe ba. Don kada sunayen su ɓace ya mai da su waƙa. Amma in ya zo kan na bakwai bakinsa ba ya iya ɗauka. Nan yake cewa astagfirullah."

Asama'u ta rufe bakinta da gefen mayafi. Shekara sittin tana rera wannan kalma a ƙarshen waƙar, ta ɗauka ado ce.

Inuwar tsakar gida ta ƙare. Suhaila ta gane haka ba tare da ta leƙa ba, don warin gawayin ya shigo, sannan na jiƙaƙƙen ulu, sannan wani sabo, na ɗanyen katako. Ta saci kallon Radiyya, ta ga hancinta na motsi, ta ga ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Asama'u ta fara karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa.

"Sun iso," in ji Tasallah. "Ki gaya mata ta kira su yadda ake kiransu a garinsu. Ni bakina ya karkata su."

Radiyya ta miƙe tsaye. Ta tambayi wane bango ne, aka nuna mata. Ta buɗe littafin duk da ba ta buƙatarsa, ta faɗi na farko da muryar ofis, irin wadda ake karanta takardar shaida da ita. Sunan ya fito daban, da wani sauti a tsakiya da bakin Suhaila bai san hanyarsa ba.

"Ya sa hularsa," in ji Tasallah. "Ya fita."

Ta faɗi na biyu. Tsohuwar ta bi shi da ido har ƙofa. Suhaila ta shaƙi iska, warin ƙarfen babu shi. Haka aka bi su har shida, tsakanin kowane suna Radiyya tana jira sai an ce mata ya fita. Muryarta ba ta karye ba. Da ta gama ɗakin ya koma warin da aka san shi da shi, man zafi da turaren wuta na jiya. Suhaila ta sauke numfashi.

Tasallah ba ta ɗauke idonta daga bangon ba.

"Saura wannan," ta ce. "Da ma yana bayansu, su suka kāre shi. Ba komai a hannunsa sai sanda da 'yar jaka. Ƙafarsa duk ƙura."

Radiyya ta gwada. Ta kira sunayen da aka samo daga tafiya da fatauci, ta kira na masu kai saƙo, ta kira na waɗanda suka je ziyarar ibada. Kowanne tsohuwar sai ta ce bai motsa ba. Ladan ya kira azahar, ya gama. Suhaila ta jira a ce mata ya fita kamar kullum.

"Ya zauna," in ji Tasallah. "A ƙasa, kusa da durowa."

Kafin Radiyya ta tafi ta yi tambaya ɗaya a bakin ƙofar gida, tana gyara takalmi. Ta ce a tambayi tsohuwar ko kayan soja ne a jikinsu. Suhaila ta koma ta dawo da amsa: a'a, riguna ne masu kauri har gwiwa, an ɗaure da igiya, kuma duk dattawa ne, babu yaro a cikinsu. Radiyya ta rubuta wannan ma. Bayan kwana uku ƙungiyarsu ta wuce Makka.

Kwana goma sha ɗaya Tasallah ta ƙara. Ta ci abinci fiye da da, ta yi hira, har ta sa aka yi mata lalle a ƙafa. Na bakwai bai ƙara fita ba, safe da yamma yana nan, kuma ba ya wari ko kaɗan. Wannan ya fi damun Suhaila, don sauran aƙalla hancinta yana gaya mata sun zo. Ta koyi zagaye gefen durowa in za ta buɗe taga. Ran Alhamis da hantsi tana goge wa tsohuwar fuska, ta ji numfashinta ya canza. Ta laƙƙana mata kalmar shahada, ta amsa sau biyu. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Bayan an share makoki Asama'u ta naɗe katifar, ta jawo ƙofar ɗakin. Ba wanda ya ce kada a shiga, ba kuma wanda ya shiga. Suhaila ta nemi a mai da ita aikin safe, ta ce wa shugabarta saboda karatu ne. Gaskiyar ita ce ba ta iya zama a gidan ita kaɗai in rana ta take.

Wata huɗu suka wuce, har sanyi ya shigo, sannan saƙon Radiyya ya iso wayarta, dogo, da hotunan tsofaffin takardu da ɗan saƙon murya. Ta karanta shi a tsaye a wurin aiki, ta sake karantawa a mota, ta karanta wa mahaifiyarta da yamma tana fassarawa.

Radiyya ta ce ta bi ɗakunan ajiyar takardu uku kafin ta sami jerin. Mutum bakwai, an rubuta a gaban kowanne: ya ɓace, ba a san makomarsa ba. Shidan duk suna nan yadda waƙar ta jera su. Ta sami zuriyar 'yan'uwan mutum huɗu daga ciki, ta rubuta musu. Wata tsohuwa ta kira ta tana kuka, ta ce kakarta har ta mutu ba ta yarda a taɓa kayan ɗanta ba.

Sai kuma ta ce akwai abin da ya hana ta barci, kuma ba ta ga dalilin ɓoye musu ba. Müller akawun gidan waya ne, bai taɓa niƙa ba. Schmidt ɗan malamin makaranta ne. Weber mai awon ƙasa, Fischer daga garin duwatsu ya fito inda ko rafin kirki babu. Babu ɗaya cikinsu da ya yi sana'ar sunansa, kuma babbansu shekararsa talatin da huɗu. Mai gari a hannu da mai gatari a kafaɗa, in dai akwai su, ba waɗanda aka binne a hanyar Garwa ba ne. Waɗanda aka fara kira da sunayen ne, shekara ɗari shida kafin a haifi yaran. Ta ce ita ba ta san yadda za ta fahimci wannan ba, ta bar wa Allah saninsa.

Asama'u ta sake duba hotunan takardun. Can ta ce, "To, iyaye ne suka zo neman 'ya'yansu. Karanta sauran."

Na bakwai, mai ba da magani, ɗan shekara ashirin da shida. Ba a sami kowa nasa ba, gidan ya ƙare. Sunansa Gast. Radiyya ta rubuta cewa suna ne da ake ba mutumin da ya shigo gari daga wani wuri, ba a san asalinsa ba, ya zauna har ya mutu ba a daina kiransa haka ba. Da Larabci ta fassara shi da kalma ɗaya. Suhaila ta mayar da ita Hausa.

"Baƙo, Ummi. Ma'anarsa baƙo."

Washegari Juma'a ce, babu aiki, Haisam ya tafi masallaci tun da wuri. Suhaila tana wanke-wanke ta ga mahaifiyarta ta yi alwala, ta sa mayafin fita, ta nufi ɗakin ƙurya. Ta bi ta da kumfa a hannu, ta tsaya daga waje. Ɗakin ya yi ƙura, gado ba katifa, hasken tsakar rana ya faɗo ta taga a kan durowa. Asama'u ta yi sallama kamar mai shiga gidan mutane. Ta sa Suhaila ta kunna mata muryar Radiyya tana faɗin sunan, sau uku, ta gwada a bakinta, sannan ta fuskanci gefen durowar.

"Gast," ta ce. Ya fita daidai. "Ni jikar Lurwanu ce. Jikanka mai ba da magani ya kira shi bai juyo ba, kuma da wannan ya rayu har ya mutu. Ba ni da abin da zan ce a kai sai haƙuri. Sunan dai ga shi, ya koma inda ya fito, an rubuta. In tafiya za ka yi, Allah ya kiyaye hanya. In kuma ba ka da wurin zuwa, mu ma da ƙafa kakanmu ya shigo garin nan, ba a kore shi ba."

Suka tsaya. Labule bai motsa ba. Daga nesa lasifika ta fara ɗauko huɗuba, wata mota ta wuce a layi. Suhaila ta shaƙi iska ta sake shaƙa, ba ta ji komai ba sai ƙura, kuma ta san wannan ba ya nuna ko yana nan ko ba ya nan.

"Ya tafi, Ummi?"

"Ina zan sani? Ni ba Sitti ba ce." Asama'u ta cire mayafin ta rataye a ƙofa, ta naɗe hannun rigarta. "Ɗauko tsintsiya da bokiti. Mako mai zuwa 'yar ƙanwata za ta zo daga Jidda da jaririnta, a nan za su sauka."

Suka share ɗakin, suka wanke ƙasa da ruwan sabulu, suka shimfiɗa sabuwar katifa. Da suka zo gefen durowa Asama'u ta ce gafara, sannan ta zura tsintsiyar.